Wa Ya Cinye Lasisin Noeleen?

SHAFI NA 9

Ni na fara gani. Ku rubuta wannan ku ajiye. Kafin ɗan sanda, kafin likita, kafin ita kanta Noeleen, ni Clarrie Bodkin na san akwai abin da ya lalace a gidan Strack, tun ranar da farar a-kori-kurarsu ta wuce ni a bakin gari ba a ɗaga mini yatsa ba. A ƙasar nan ko maƙiyinka ka gamu da shi a hanya, sai ka ɗaga masa yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Na faɗa a otal, aka ce giya ce ke magana. To yau ga ranarta.

Masu cika mini waya da "tsoho ina ci gaba, tsoho ko ka mutu ne?" ban mutu ba. Ambaliya biyu ta gwada ni ta haƙura. Maciji ya sare ni, shi aka binne. Tirela ta kife da ni da shanu tamanin, na fito ina neman hulata. Ciwon gwiwa ne zai kai ni ƙasa? Ban yi makaranta ba, magana nake yi wayar tana rubutawa, in kun ga kuskure nata ne.

Ga sababbin zuwa, a taƙaice: Noeleen Strack shekara ashirin da biyu tana kai wasiƙu daga garinmu Yandabri zuwa gidajen gona ashirin da shida. Mako uku da suka wuce Sajan Tuckwell ya tsayar da ita gwajin numfashi na masu shan giya, ya duba na'urarsa, ya ce mata an dakatar da lasisinta tun watan Mayu saboda gudun wuce ƙa'ida har sau uku. Ita ko takarda ɗaya ba ta taɓa gani ba. Ya rubuta mata sammacin tuƙi ba lasisi. Masu kwangila sun gaya mata in kotu ta ƙwace lasisin, hanyar wasiƙu ta zama ta wani.

Yau jirgin kotu ya sauka.

*

Tun bakwai na safe Noeleen take zagaye barandar zauren gunduma. Ta zauna, ta tashi. Ta kai ƙarshen katako, ta dawo. Ƙudaje sun baibaye mata baya, ko korarsu ba ta yi.

Mako uku kenan tana farautar takardun nan. Ta buga birni, na'ura ta ce danna ɗaya, ta danna, ta ce danna huɗu, ta danna, layi ya mutu. Wanda ta samu daga baya ya ce ta duba ta intanet, a garin da sai ka hau tankin ruwa kake samun sabis. Sajan ya ce ba a hannunsa suke ba, suna kotu. Kotu kuwa a jirgi take zuwa, sau ɗaya a wata biyu.

"Ki zauna, 'yar nan," na ce mata daga kan benci. "Za ki cinye musu katako."

"Baba Clarrie, don Allah ba yau ba."

Takwas da rabi motar Sajan ta kawo su daga filin jirgi. Mai shari'a ta shige ciki ba ta kalli kowa ba. Bayanta ga Desley, magatakardar kotu, rungume da kwali biyu, tana tura na uku da ƙafa. Ita da Noeleen benci ɗaya suka zauna a firamare.

Noeleen ta karɓe mata ɗaya, ta bi ta har ɗakin baya inda ake ajiye kujerun biki.

"Kin zo da fayil ɗina?"

"Ina kwana, Noeleen. Lafiya lau, na gode da tambaya."

"Desley."

"Na zo da shi. Bari in ajiye ƙafata tukuna, jirgin nan kamar gwangwani a bakin kare."

"Ƙarfe goma za a kira ni."

"Na sani, ni na rubuta jerin."

Desley ta buɗe kwali na farko. Rigimar shinge. Na biyu, faɗan otal da satar dizal. Noeleen ta tsaya a kanta tana karkaɗa ƙafa, fanka na juyawa a sama ba ta kawo komai sai zafi.

"Ki matsa, numfashinki na dafa mini wuya."

"Kin ce kin zo da shi!"

"Ke, ni na taɓa yi miki ƙarya? Ban da zancen saurayin nan mai babur?"

A ƙasan na uku ya fito. Siririn fayil, ruwan ƙasa. Desley ta riƙe shi ba ta miƙa ba.

"Biyu daga ciki tara ce kawai, an biya. Na ukun ya yi muni, shi ya zo kotu. Zaman watan Mayu aka kira sunanki sau uku a barandar nan, ba ki amsa ba, aka yanke a bayan idonki."

"Ina hanya ranar! Wa ya gaya mini?"

"An aika miki wasiƙa. Bakwai, in an haɗa duka."

"Ni ce wasiƙa a ƙasar nan, Desley. Da an aiko, ta hannuna za ta bi."

"Ta hannunki ta bi."

Noeleen ta tsaya cak.

Desley ta juyo mata da shafin farko, ta ɗora yatsa a kan adireshin.

"Karanta."

Jakar Tarraween. Gidan gonar iyayenta, kilomita ɗari da arba'in daga gari.

"Shekara nawa da barinki can?" in ji Desley.

"Goma sha tara."

"Ba ki canza adireshin lasisi ba?"

"In canza don me? Wa ye bai san gidana ba?"

"Kwamfutar birni ba ta san gidanki ba, ƙawata."

Noeleen ta ja kujerar biki ta zauna. Jakar kowane gidan gona a kulle ake ba ta ita daga gidan waya, da ɗan kwadonta. Nata ɗauka da ajiyewa. Kowace Talata da Juma'a takan tsaya a mararrabar Tarraween, ta buɗe tsohon firij ɗin da babanta ya kafa a bakin hanya, ta jefa jaka, ta ɗauki wadda aka bari, ta wuce. Wato da hannunta ta kai sammacinta, ta rufe masa ƙofa don kada rana ta taɓa shi.

"To ai ni ban yi gudun ba," ta ce. "Motata ko na so ba ta kai ɗari."

"Ba motarki ba ce."

"To ta wa?"

Desley ta leƙa ƙofa. Ni ina daidai taga, na sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Kunnena ɗaya ne ke aiki, amma ya fi biyunku.

"Kyamara lamba take ɗauka, ba fuska ba," in ji Desley a hankali. "Tara wajen mai mota take zuwa. In ba shi ke tuƙi ba, sai ya cika takardar rantsuwa ya faɗi wanda ke tuƙin. Daga nan laifi ya koma kan wancan."

"Wa ya rantse a kaina?"

"Noeleen, ki sha ruwa tukuna."

"Ba ni!"

Ta fizge fayil ɗin. Takarda uku, rubutu iri ɗaya, mai kwanciya dama, da shuɗin biro. Ba ta buƙaci kai ido ƙasa wajen sa hannu ba. Rubutun nan ne a jikin kowace kwalbar jam ɗin shafa burodi da ta taɓa ci tun tana yarinya.

Merle Strack. Mahaifiyarta.

Bayan takardun ga hoto. Farar a-kori-kura daga baya, kare a tsaye a bodi, kai ɗaya tak a ciki da faffaɗar hula. A gefe ga ƙofar makarantar firamare. Ƙasan hoton an buga: Alhamis kafin Ista, ƙarfe uku da minti shida, kilomita ɗari da huɗu a wurin arba'in.

Ta daɗe tana kallon ƙofar makarantar.

"Ba ni da ikon ba ki shawara," in ji Desley. "Don haka ba shawara nake ba ki ba, da kwalin nan nake magana. Kwali, in mutum ya amsa laifi, lasisi ya tafi shekara guda aƙalla. In ya ce ba shi ba ne, mai shari'a za ta iya buɗe tsohuwar shari'ar, amma sai ta nemi wanda ya yi rantsuwar. Rantsuwar ƙarya kuwa ba tara ba ce, kwali. Ana ɗaure mutum a kanta."

"Shekararta saba'in da shida."

"Kwali bai tambaye ni shekaru ba."

*

Ƙarfe tara da kwata farar a-kori-kurar ta shigo gari, a hankali kamar mai bin gawa. Ta tsaya ƙarƙashin bishiya, tayar gaba a kan dakali. Athol Strack, mahaifin Noeleen, ya zauna a sitiyari bai fito ba. Merle ce ta sauko da sandarta, da rigar zuwa coci, da gwangwanin biskit a hammata.

Noeleen ta tare ta a matakala.

"Na kawo miki abin karyawa," in ji Merle. "Na san ba ki ci komai ba."

"Mama, zo nan."

"Bari in gaida Clarrie. Clarrie, har yanzu kana nan?"

"Sai na binne ku duka, Merle."

"Mama!"

Ta ja ta ƙarshen baranda, wajen tankin ruwa. Ta buɗe fayil ɗin a gabanta.

Merle ta kalla sau ɗaya, ta kau da kai.

"Rubutun wa ye wannan?"

"Kada ki ɗaga murya, babanki na ji."

"Rubutun wa ye?"

"Kin sani, me ya sa kike tambaya?"

"Mako uku, Mama! Mako uku ina kuka a waya, kina ce mini kuskuren birni ne, zai warware!"

"Na ɗauka zai warware."

"Ta yaya? Da addu'a?"

"Aron makin lasisinki kawai na yi, wanda ake cirewa in an kama mutum da gudu. Wa ye ba ya yi a ƙasar nan? Matar Hennig ta ɗaukar wa mijinta, shi ya ɗaukar wa ɗansa. Ke shekara ashirin da biyu ko ɗaya ba a taɓa cire miki ba, suna nan jibge ba abin da kike yi da su."

"Ana tambaya, Mama. Ko gishiri za ka ara sai ka ƙwanƙwasa ƙofa."

"Da na tambaya za ki ce me ya sa."

"To me ya sa?"

Merle ta matse gwangwanin a ƙirjinta.

"Ban san lokacin Ista ninka makin da ake cirewa suke yi ba. Na rantse ban sani ba. Na lissafa za ki sha da sauranki. Sai ga wasiƙar dakatarwa. Na karanta a tsaye a kicin. Na ce gobe zan gaya miki. Gobe ta yi, na ce jibi."

"Kika bar ni ina yawo da motar wasiƙu wata huɗu ba lasisi."

"Na bar ki."

"Ina sauran wasiƙun?"

Merle ta dubi gwangwanin. Ashe ba biskit kaɗai ke ciki ba.

Noeleen ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ɗaga hoton.

"Baba ne wannan."

Ta kai hoton gaban idon Merle.

"Baba bai taɓa wuce tamanin ba a rayuwarsa. Ya sha dukan bayan kaina a kan gudu. Me ya kai shi ɗari da huɗu a ƙofar makaranta?"

"Bai san ya iso gari ba."

"Kamar yaya bai sani ba?"

"Ba ya ganin allo, Noeleen. Ba ya ganin allurar gudu. Tsakiyar idon ta tafi, gefe-gefe kawai ya rage. Shekara biyu kenan."

Ni dai a nan na gyara zama. Na ce muku na sani. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗaga mini yatsa, ya wuce ni taku goma tsakaninmu kamar kututture. Ba girman kai ba ne, bai gan ni ba ne. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau tankin ruwa ba zai gani ba.

"Shekara biyu yana tuƙi?" in ji Noeleen.

"Ni ce idonsa. Ina gefe ina faɗa masa. Kwana na zuwa, rage. Shanu a hagu. Mota na tahowa, koma gefenka. Tun da likita ya karɓe nawa lasisin saboda suman nan, haka muke yi. Shi ƙafa da hannu, ni ido. Ko kaza ba mu taɓa takawa ba."

"A hoton nan shi kaɗai ne."

"Lokacin ina asibiti ne, da aka yi mini aikin ƙugu. Na ce kada ya zo. Na roƙe shi. Sau uku ya zo, shi da kare, ya kawo mini lemo daga bishiyarmu. Sau ukun nan ne."

"Ya san da tarar?"

"Ni ke buɗe jaka, ni ke karanta masa. Abin da na karanta shi ya zo."

"Wato bai sani ba."

"Cewa na yi mun zo tsaya miki. Yana can yana zagin mutanen birni da suka zalunci 'yarsa."

Noeleen ta juya ta kalli motar. Tsohon yana zaune tsaf, hannu biyu a sitiyari, fuskarsa na kallon inda ba kowa.

"In suka gwada idonsa sun karɓe," in ji Merle. "In suka karɓe, Tarraween ta ƙare. Wa zai zauna kilomita ɗari da arba'in ba mota? Gidan tsofaffi za su kai mu, ɗaki mai kallon bango. A can aka haife shi, Noeleen. Wata uku ba zai yi ba."

"Ni fa?"

"Shekara ɗaya ce. Ke yarinya ce."

"Shekarata arba'in da tara! Ba a ajiye wa mutum hanyar wasiƙu, Mama. In ta tafi ta tafi."

"Sai ki dawo gida. Ɗakinki na nan."

"In dawo in zama me? Makaho ɗaya, marasa lasisi biyu?"

"Kada ki kira shi haka!"

"To me zan kira shi? Ƙarfe uku da minti shida, Mama. Kin san abin da ke fitowa daga ƙofar nan ƙarfe uku?"

"Ba abin da ya faru."

"Ranar nan dai."

"Ba zai ƙara fita shi kaɗai ba, na yi miki alkawari."

"Ran da kika suma a gefensa fa?"

Merle ta kama hannun rigar 'yarta.

"Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki ce ke ce. Kalma biyu."

Daga ƙofa muryar Desley ta tashi, irin muryar aiki wadda ba ta san kowa ba.

"Noeleen Strack! Noeleen Strack!"

*

Zauren ya cika, don ranar kotu ita ce silimarmu. Na samu kujerata ta gaba, wadda ba mai zama a kai in yana son lafiyarsa. Mai shari'a tana kan teburin da ake jera kek ranar baje kolin gona, gilashi a karan hanci, jirginta na tashi ƙarfe uku.

Merle ta zauna a layi na biyu. Can baya na ji ƙarar takalmi, na waiga. Athol ne ya shigo, hula a hannu, ɗaya hannun yana shafa bango har ya samu kujerar ƙarshe.

Sajan ya karanta tuhuma. Noeleen na tsaye, fayil a hannunta.

"Kin nemi ganin tsohuwar shari'ar," in ji mai shari'a. "Kin gani?"

"Na gani, ranki ya daɗe."

"To bari mu taƙaita. Farar a-kori-kura, rajistar Merle Strack. Alhamis kafin Ista, Asabar ɗinta, da Litinin. Duk a hanyar shigowa gari ta wajen asibiti. Ke ce ke tuƙi?"

Fanka ta juya. Wani ya yi tari.

Noeleen ta waiga ta kalli mahaifiyarta. Ta kalli hoton.

"Ina jiranki."

"Ba ni ba ce."

Gwangwanin biskit ya faɗi daga cinyar Merle, murfin ya gangara har ƙafar Sajan. Wasiƙu bakwai suka baje a ƙasa.

Mai shari'a ta cire gilashi.

"Kin san nauyin abin da kika faɗa? Akwai rantsuwa uku a gabana da suka ce ke ce."

"Na sani."

"To wa ke tuƙi?"

Noeleen ta rufe fayil ɗin.

"Na tambaye ki."

"Na faɗi abin da ya shafe ni, ranki ya daɗe. Sauran ba zai fito daga bakina ba."

"Shi ke nan. Wadda ta sa hannu tana zauren nan? Merle Strack?"

Merle ta dafa sanda, ta fara yunƙurin tashi.

"Zauna, Merle."

Daga baya muryar ta zo. Kowa ya juya.

Athol ya miƙe. Mutum ne dogo, har yanzu sai ya sunkuya a ƙofar otal. Ya tako tsakiyar zaure, gwiwarsa ta bugi kujera, ya tsaya.

"Alhamis, Asabar, Litinin," ya ce. "Na san ranakun nan."

"Athol, don Allah," in ji Merle.

"Na ce ki zauna."

"Malam, wane ne kai?" in ji mai shari'a. "In kana da magana, matso gabana."

Tsohon ya juya fuskarsa wajen taga. Ya juya wajen allon sanarwa. Ya murɗa bakin hularsa.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ƙara yin magana. Ban ga inda kike ba."

*

Nan na tsaya, gwiwa ta motsa.

Na san akwai masu cewa tsoho ya ƙara gishiri. To wanda ya isa, ya zo Yandabri. Jirgin kotu na dawowa nan da wata biyu, ya tsaya gaban Desley ya nemi fayil ɗin da bakinsa. In ya gama karantawa ya tsallako titi, ina barandar otal daga ƙarfe goma, ya dube ni cikin ido ya ce Clarrie Bodkin maƙaryaci ne. Mutum uku sun taɓa gwadawa. Ku tambaya ina haƙoransu.